Kuɗina a Sama, Igiya a Hannun Mai Rago

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari muka daidaita da dillali kan rago, dubu 120. Na miƙa wa yaron POS katina, na danna lambobin sirri, na'ura ta yi ta nazari, can ta tofo rasit: DECLINED. Kafin in ce uffan waya ta yi ƙara a aljihu. Alat ne, an cire dubu 120 cif. Mai rago ya ƙara naɗe igiya a hannunsa.

"Wallahi Baba bai shigo wajena ba," in ji yaron. "A sake sakawa?"

"A sake? Kai yaro, raguna biyu zan biya in koma gida hannu rabbana?"

Gaskiyar yaron ce kuwa. Banki ya saki kuɗin, sabis ya yanke kafin amsa ta dawo wa na'ura, suka maƙale a tsakani. Cin kwalar mai POS ɓata lokaci ne, bankin da ya ba ka katin shi zai nemo su. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020 ta ba da awa 72 a kan POS, awa 48 in a ATM ɗin wani banki ne.

Rasit dai na adana shi inda kakannina ke adana muhimman takardu, wato cikin hula. Ashe irin takardar nan ba ta shiri da zufa da maiko. Da wa'adi ya cika shiru, na je banki na zaro ta gaban ma'aikaciya, fara fat, sai ƙanshin man kai.

"Alhaji, wannan ta ƙunshin tsire ce?"

Abin da take so: lambar RRN mai lamba 12 (wato lambar shaidar cinikin da ke jikin rasit), lambar na'urar, rana da lokaci, adadin kuɗi, da lambobi huɗu na ƙarshen kati. Yaron POS ne ya fisshe ni, ya shiga tarihin cinikin ranar ya sake bugo rasit, ya turo hotonsa ta WhatsApp. Na cike fom, na kafe sai an ba ni lambar ƙorafi, don da ita ake kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki in an yi mako biyu ba labari.

Kuɗin sun dawo da tsakar dare, waya kuma tana caji a ɗakin uwargida. Kafin in dawo daga sallar asuba an riga an yi musu kasafi: atamfa, zubin adashe, da gudummawar bikin ƙanwarta.