Indorama: Daga Kaɗin Zare Zuwa Iskar Gas

Duk wanda ya shiga Kantin Kwari ya shafa yadin da ake sayarwa da araha ya san cewa mafi yawansa ba auduga zalla ba ce, akwai zaren roba a ciki, wato foliyesta, wanda a yau ya haura rabin dukkan zaren da ake samarwa a duniya. Na daɗe ina bibiyar labarin Indorama, ɗaya daga cikin manyan gidajen da ke yin wannan zare, domin hanyar da ya bi ya bunƙasa ta shafe mu kai tsaye, tunda kamfanin yana da ƙafa a Najeriya.

Mohan Lal Lohia da ɗansa Sri Prakash Lohia, 'yan asalin Indiya, su ne suka kafa kamfanin a Indonesiya a 1975, kuma da kaɗin zare suka fara a garin Purwakarta. Mai kaɗi kullum a matse yake, domin ba shi ke yanka farashin abin da yake saye ba, kuma masu saƙa ba sa barinsa ya ɗora riba yadda yake so. Maganin da suka yi wa wannan matsi shi ne komawa baya zuwa tushen kayan aikinsu, inda a 1991 suka fara yin foliyesta da kansu. Ana haɗa shi ne da sinadarai biyu, PTA da MEG, waɗanda ake samu daga ɗanyen mai da iskar gas, kuma wannan haɗin dai shi ne robar PET da ake yin gorar ruwa da ta lemo da ita. Wanda ya mallaki wannan mataki yana da kasuwa biyu a hannunsa: idan ta tufafi ta yi sanyi, ta gora tana nan.

Dabara ta biyu ta fi fitowa fili a wurin Aloke Lohia, ƙanen Sri Prakash, wanda ya gina nasa kamfanin daban, Indorama Ventures, a birnin Bangkok na Thailand. Maimakon ya riƙa gina sababbin masana'antu, sai ya riƙa sayen waɗanda masu su suka gaji da su. A 2008 ya sayi masana'antun kamfanin Eastman da ke Turai, har da ta Rotterdam, a 2011 ya sayi na Invista a Amurka da Meziko, haka ya yi ta tarawa har ya zama kan gaba a duniya wajen samar da PET. Ina jinjina wa wannan hange, amma ba na ɓoye cewa yana da haɗari, domin da bashi ake yin irin wannan saye. Da kamfanonin Sin suka cika kasuwa da kaya masu araha, makamashi kuma ya yi tsada a Turai, sai ga shi a 2024 kamfanin ya sanar da rufe waccan masana'anta ta Rotterdam. Girman kamfani bai hana shi jin jiki ba a wurin da wuta da gas suka fi ƙarfin aljihu.

A nan ne Najeriya ta shigo. A 2006, lokacin da gwamnatin Obasanjo ke sayar da kamfanoninta, ɓangaren Sri Prakash ya sayi kashi 75 cikin ɗari na masana'antar sinadarai ta Eleme da ke kusa da Fatakwal, wadda a lokacin take aiki ƙasa da ƙarfinta ƙwarai. Suka gyara ta, ta koma fitar da robar da ake yin leda da buhu da bokiti, sannan suka gina masana'antar takin yuriya mai iya samar da tan miliyan 1.4 a shekara, daga baya suka ƙara wata irinta. Manoman Arewa da dama sun san buhun takin Indorama, ko da ba su taɓa jin cewa asalin kamfanin na zare ne ba.

Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Gidan da ya fi kowa sanin harkar zare ya shigo ƙasar nan a daidai lokacin da masaƙunmu ke mutuwa, domin Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta tsayar da aiki a 2007, amma da roba da taki aka san shi a Najeriya, ba da zare ba. Ban ga laifinsa ba, kuma ba na jin ya yi hakan don ƙiyayya. Ya duba ne ya ga gas a ƙofar Eleme da tashar jirgin ruwa a kusa, ya ga kuma masaƙa a Kaduna da Kano tana fama da rashin wuta da tsadar baƙin mai da yadin fasa-ƙwauri, sai ya zuba kuɗinsa inda lissafi ya fita. Mutanen nan sun buɗe masana'antar kaɗi a Kokand ta Uzbekistan saboda audugar da ke can, wanda ke nuna ba su bar sana'ar ba, wurin da za ta biya suke nema.

Shi ya sa nake ganin duk maganar farfaɗo da masaƙu da ta tsaya ga raba rance da hana shigo da yadi ta bar jaki tana dukan taiki. Masaƙar da za ta yi gogayya da yadin Sin tana buƙatar wutar da ba ta yankewa da zaren roba mai araha da za ta gauraya da audugar Funtuwa. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, shi ne zai iya sauya wannan lissafi, kuma ranar da gas ya fara isa Kakuri da Sharaɗa da Challawa a farashi mai sauƙi, ina fata gwamnonin waɗannan jihohi za su zauna da kamfanoni irin Indorama su tambaye su me ya rage kafin su kafa injin kaɗi a Arewa.