Bayan digirin fizik, alli kaɗai ya rage wa yaranmu?

Duk yaron da ya ce wa iyayensa a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, zai zarce da karatun fizik bayan digirin farko, tambaya ɗaya ake yi masa: "To, malanta za ka yi ke nan?" Ban ga laifin iyayen ba, abin da idonsu ya saba gani ke nan. Wanda ya gama a jami'ar Ngaundere, ko dai ya nemi shiga makarantar horon malamai ta Marwa, ko ya riƙe alli a makarantar kuɗi ana biyansa da awa, ko ya lallaɓa ya yi masta da doktora yana jiran gwamnati. A 2018 Shugaba Paul Biya ya ba da umarnin ɗaukar masu doktora 2,000 a jami'o'i cikin shekara uku. An yi murna, kuma ta cancanta. Amma ni abin da ya nuna mini shi ne, mai doktora a Kamaru uban gida ɗaya gare shi, in bai kira ba sai zaman jira.

A nan Girenobul ta Faransa inda nake zaune, tsarin a takarda irin namu ne: shekara 3 na digirin farko, sai 2 na masta, sai 3 na doktora. Bambancin yana wajen kuɗi. Ɗalibin doktora a fannin kimiyya ma'aikaci ne, yana da kwantiragin shekara uku, da albashi duk wata, da inshorar lafiya. Galibi ma ba a yi maka rajista sai an san wanda zai biya ka. Tun 1981 suna da wani tsari mai suna CIFRE: kamfani ya ɗauki ɗalibi aiki, ya ba shi matsalar da ta dame shi, gwamnati ta tallafa wa kamfanin, jami'a ta sa ido a kan binciken. Wani maƙwabcina ta nan ya bi. Kwanakin da yake masana'antar ƙananan sassan lantarki, farar riga yake zurmawa daga kai har ƙafa, ido kaɗai a waje, don ƙwayar ƙura ɗaya tana iya ɓata aikin. Sauran kwanakin yana jami'a. Kafin ya kare kundinsa ya riga ya san inda zai yi aiki.

Ba aljanna ba ce, kada a ruɗe ku. Kujerun dindindin a cibiyar bincike ta CNRS kaɗan ne, mutane na yawo da kwantiragin shekara ɗaya ko biyu har furfura ta fara fitowa. Sai dai wanda ya gaji yana da ƙofofi: asibiti, banki, kamfanin makamashi, sarrafa bayanai da kwamfuta.

Namu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Malaman fizik na Kamaru sun yi suna a ɓangaren lissafi da nazari, suna wallafa bincike a manyan mujallu, domin wannan ɓangaren biro da takarda da kwamfuta yake buƙata. Na san wanda yake barin lissafinsa yana tafiya a kwamfuta cikin dare, a ɗauke wuta, batir ya mutu, da asuba ya sake daga farko, sannan ya hau babur zuwa aji don kuɗin haya. Mafi sa'a su samu gurbi a AIMS, cibiyar kimiyyar lissafi ta Afirka da ke Limbe, wadda aka buɗe a 2013, ko a cibiyar nazarin fizik ta ICTP a Italiya, wadda masanin fizik ɗan Pakistan Abdus Salam ya kafa a 1964. Masu harin waɗannan, ku gyara Turancinku tun yanzu, Faransanci kaɗai ba zai kai ku ba.

Idan muka haɗu da 'yan gida a nan, kukan da aka fi yi shi ne ba mu da manyan na'urori. Ban yarda nan matsalar take ba. Babbar na'urar ESRF da ke garin nan, mai fitar da haske mai ƙarfi don leƙa cikin abubuwa, ko Faransa ba ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta ba, ƙasashe da yawa ne suka yi karo-karo. Abin da muka rasa shi ne wancan kwantiragin tsakanin mai kuɗi da ɗalibi, alhali aikin yana nan jibge. Madatsar Lagdo tun 1982 take ba arewa wuta, megawat 72 in ruwa ya cika, in damina ta yi ƙaranci kowa ya ji a jikinsa. An kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar. Nawa ƙurar hunturu ke rage musu, nawa zafin Afrilu ke ci, kuma sau nawa ya kamata a wanke faifan a inda ruwa ke da tsada? Wannan tambayar doktora ce. Haka auna ƙasa da lantarki kafin a haƙa burtsatse, da auna iskar radon mai cutarwa da ke fitowa daga yuraniyom a gidajen yankin Poli.

Ba sai an jira Yawunde ba. Kamfanin auduga na Garwa da na siminti a Figil suna iya ɗaukar ɗalibi ɗaya ɗaya. Haka alhazanmu masu shigo da faifan sola da masu motocin haƙar burtsatse: rijiya biyu ko uku da aka haƙa ba a tarar da ruwa ba, asararsu za ta riƙe ɗalibi tsawon lokaci yana auna musu ƙasa kafin a kafa injin.