Yashe Rafi Ba Ya Wanke Shi

Da damina ta gabato sai a kawo katafila ta yashe rafin da ya ratsa gari, a jibge laka a gaɓa. Ruwan farko ya mayar da ita inda aka kwaso ta. Kuɗi ya tafi, wari na nan.

Kuskuren yana wajen kallon rafin kamar doguwar kwata. Ƙaramin rafi da ke malala cikin babban kogi yana ɗauke da duk abin da ya gangaro daga ƙasar da ta karkata gare shi. Masu nazarin ruwa sun lura cewa idan kwalta, siminti da rufin gidaje suka rufe kusan kashi 10 cikin 100 na wannan ƙasa, rafi ya fara lalacewa. Ya kai kashi 25, abin ya yi muni. Ruwan sama ba ya nutsewa, sai ya taho gaba ɗaya ya zaizaye gaɓa. Da rani kuma idanun ruwa sun ƙafe, abin da ke gudana ruwan wanka ne, da na masai, da jinin mahauta.

Ƙwayoyin bakteriya da ke cin wannan ƙazanta su ke shanye iskar oksijin da ke cikin ruwa. Yawancin kifi na son miligiram 5 a lita ɗaya. Ya sauka ƙasa da 2, sai mutuwa. Ya ƙare ƙaf, ruwan ya yi baƙi, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi. Ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyam na majema kuwa ba sa ruɓewa, kwanciya suke a laka. Wanda ya shanya wannan laka a bakin rafi, guba ya shanya wa iska.

Shimfiɗa wa rafi siminti ma ba magani ba ne. Ruwa yana ƙara gudu, ambaliya ta koma kan na ƙasa.

A ganina aikin farko na ƙafa ne, kuma da rani. A bi rafin daga tushe zuwa mahaɗa, duk bututun da ke zuba alhali an kwana uku ba ruwan sama, a ba shi lamba, a ɗebi samfur sama da shi da ƙasa da shi. Sannan a binne babban bututu a gefen gaɓa ya tare ƙazantar ya kai ta matatar ƙazamin ruwa. Masana'antu su tace nasu tun a gida, domin ƙarafan da ke ciki na kashe ƙwayoyin da matatar ke aiki da su. Yashewa ta zo daga baya, a gwada lakar, a binne ta a ramin da aka shimfiɗe da yumɓu.