Gidan da ka saya a Ingila, wa'adinsa na raguwa kowace shekara

Mutum zai yi shekara goma yana aikin dare a Landan ko Manchester, ya tara kuɗi, ya ci bashin banki, ya sayi fulat a wani dogon bene, ya kira gida a taya shi murna. Abin da bai cika lura da shi ba yana shafin farko na takardar cinikin: ranar da wa'adi ya fara, da adadin shekarunsa. A Ingila da Wales, yawancin fulat haya ce mai dogon zango. Ƙasar da ginin na wani ne, kai shekaru ka saya, 99 ko 125, kuma lissafin ya fara tun ranar da aka rubuta takardar farko, ko da kai ne mutum na huɗu da ya saya. Wanda ya san takardar shaidar mallaka ta shekara 99 da gwamnoni ke bayarwa a Najeriya ba zai ji abin baƙo ba, sai dai a can mai ƙasar sau da yawa kamfani ne mai neman riba. Gidaje kusan miliyan biyar ne a Ingila ke kan wannan tsari.

Dokar 1993 ta ba mai fulat damar tilasta wa mai ƙasa ya ƙara masa shekara 90 a kan abin da ya rage, kuɗin ƙasa da yake biyan mai ƙasa duk shekara kuma ya koma abin da lauyoyinsu ke kira ƙwayar masoro, wato babu. Amma fa ba kyauta ba. Za ka biya mai ƙasa diyyar kuɗin da zai daina karɓa da jinkirin dawowar gidan hannunsa. Za ka biya lauyanka da mai kimanta gida, sannan ka biya nasa lauyan da nasa mai kimantawar. Da zarar ka miƙa sanarwa, yana iya neman kafin alƙalami na kashi 10 cikin 100 na farashin da ka ambata, ko fam 250, duk wanda ya fi yawa. In kun kasa daidaitawa, sai kotun harkokin gidaje ta yanke farashi.

Inda gizo ke saƙar shi ne shekara 80. Muddin wa'adi ya sauka ƙasa da haka, ko da kwana ɗaya ne, mai ƙasa na da rabin ƙarin darajar da tsawaitawar ta jawo wa gidan. A ce bayan an cire diyyarsa ƙarin ya kai fam 20,000, to 10,000 nasa ne, alhali bai sa ko bulo ɗaya ba. Ni dai ban ga adalci a nan ba. Kuma abin ya kusa ƙofar mutane da yawa: fulat ɗin ƙaramar hukuma da aka sayar wa mazauna a zamanin Margaret Thatcher galibi shekara 125 aka ba su. Wanda aka rubuta a 1983, a 2028 shekara 80 za ta rage masa. In wa'adin ya ci gaba da gajarta, bankuna kan noƙe wajen ba mai saye bashi, sai gida ya ƙi sayuwa.

Wasu za su ce a jira, ai an yi sabuwar doka. Gaskiya ne, a watan Mayun 2024 aka sa hannu kan dokar da ta yi alƙawarin shekara 990 da soke wannan rabon. A ƙarshen Janairun 2025 an cire sharaɗin sai ka riƙe gida shekara biyu kafin ka nema. Amma sashen shekara 990 da wanda ya shafi farashi ba su fara aiki a lokacin ba, manyan masu ƙasa kuma suka garzaya kotu. Wanda wa'adinsa ya riga ya faɗi zuwa shekara 60 ko 70, kuma ba ya shirin sayarwa, yana da hujjar jira. Wanda ke kan 82 ko 83 kuwa, ina ganin caca yake yi da gidan iyalinsa, don da Majalisa da kotu babu mai tafiya da agogonsa.

Akwai kuma hanyar sulhu, inda mai ƙasa zai aiko da wasiƙa mai laushi, farashi mai sauƙi, babu dogon zance. A karanta ta da lauya. Wani lokaci shekarun da za a ƙara ba su kai 90 ba, kuɗin ƙasa kuma yana nan har tsohon wa'adi ya ƙare. Hukumar LEASE, wadda gwamnati ke ɗaukar nauyinta, tana ba da shawarar farko kyauta. Kafin a kira ta, a ciro takardar daga cikin jaka, a duba ranar da wa'adin ya fara, a ƙirga abin da ya rage.