Ɗan uwa, me aka zuba a farantin nan?

Assalamu alaikum 'yan uwana mazauna ƙasashen waje, ɗalibai da ma'aikata da 'yan ci-rani.

Daren jiya aka gayyace mu murnar zagayowar ranar haihuwar wani abokinmu a wani gidan abinci nan Jamus. Hukuncin bikin kansa ba shi ne a gabana ba yau, malamai sun yi bayani, kowa ya san inda ya tsaya. Abin da ya hana ni barci daban ne. An kawo kek ɗin nan mai cakulan da kirim da Jamusawa ke alfahari da shi, wanda suke kira Schwarzwälder Kirschtorte. Yawancin mutanen teburin Musulmi ne, masu salla, wasu ma da carbi a aljihu. Kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, aka yanka, aka raba, ba wanda ya buɗe baki ya tambayi abin da ke ciki. Alhali kek ɗin nan, a yadda ake yin sa na asali, da barasar da ake kira Kirschwasser ake jiƙa shi. Na sunkuya na gaya wa na kusa da ni, cokali na hannunsa. Ya dube ni ya ce, "Haba malam, don Allah kada ka ɓata mana taro."

Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Taro ne ba a so a ɓata. To zuciyar fa?

Ni ban ce kada ku ci abincin mutanen da kuke zaune cikinsu ba. Ku ci, ku more, ni'imar Allah ce, kuma zama da mutane sai da cin abincinsu. Zumunci da aboki a ƙasar da ba ka da uwa ba ka da uba abu ne mai daraja, na san daɗinsa. Abin da nake kuka da shi ɗaya ne: kunyar tambaya. Mutum ya san akwai shakka, ya ji ta a ƙirjinsa, amma ya haɗiye ta tare da loma don kada a ce masa baƙauye ko mai tsanani.

Kuma ba a Jamus kaɗai ba ne. Ɗan uwanmu da ke Japan, romon taliyar nan da ake kira tonkotsu da ƙashin alade ake dafa shi, mirin ɗin da ke cikin miyarsu kuwa giyar shinkafa ce. Na Italiya, kayan zaƙin nan da ake kira tiramisu, da yawa da giyar Marsala ake haɗa shi. Na Sin, girkinsu da dama da giyar Shaoxing ko kitsen alade ake yi, ko da a ido ganye ne zalla a farantin. Alewar nan mai danƙo da muke saya wa yara, jelatin ɗin da ke cikinta a Turai galibi daga fatar alade ake samo shi. Ba maganar yankan Ahlul Kitabi nake yi ba, wanda malamai suka yi saɓani a kai. Alade da giya nake nufi, waɗanda ko yaron makarantar allo ya san hukuncinsu.

Sai ka ji wani ya ce ai wuta ta ƙone giyar. Wa ya gaya maka? Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna cewa bayan minti 15 a kan wuta kusan kashi 40 cikin 100 na barasar na nan, sai an kai awa biyu da rabi take sauka zuwa kashi 5. Ta kek ɗin jiya kuwa ko wutar ba ta gani ba, bayan an gasa ake zuba ta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutanen ƙasashen nan ba sa jin kunyar tambaya. Wanda gyaɗa ke tayar wa da ciwo zai tsayar da ma'aikaci ya yi masa tambaya dalla-dalla, a je kicin a dawo masa da amsa. Wanda ba ya cin nama don ra'ayinsa zai faɗa da babbar murya, a girmama shi. A Tarayyar Turai doka ce ma ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da rashin lafiya, don haka tambaya ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Sai dai alade ba ya cikin jerin nan, babu wanda zai gaya maka in ba ka tambaya ba. Wancan mai gudun gyaɗa yana kare cikinsa bai ji nauyin kowa ba, kai da Ubangijinka ya hana ka, kai ne mai sunkuyar da kai? Haba ɗan uwa. Haba 'yar uwa.

Ku tuna mutumin da Manzon Allah (SAW) ya ambata a hadisin da Muslim ya ruwaito: ya yi doguwar tafiya, gashi a hargitse, jiki duk ƙura, ya ɗaga hannu sama yana ya Rabbi, ya Rabbi, amma cinsa haram, shansa haram, ta yaya za a amsa masa? Matafiyi ne fa, irinmu. Mu da kullum hannunmu ke sama, muna roƙon takardar zama, muna roƙon cin jarrabawa, muna roƙon lafiyar iyayen da muka baro. Da wane baki?

Kai mai gayyata, nauyin ya fi yawa a kanka, domin amana ce mutane suka ba ka da suka zauna a teburinka. Ka kira gidan abincin tun kafin ranar. Ka ce a yi kek ɗin ba barasa, ana yi. Wanda ke Sin ya nemi gidajen abincin Musulmin ƙabilar Hui masu alamar qingzhen, wato halal, a ƙofa, suna nan birni-birni. Ka koyi yadda ake cewa alade da giya da harshen ƙasar da kake, ka karanta bayan leda kafin ka jefa a kwando. In ma'aikaci ya ce bai sani ba, ka bar shi ka ɗauki wani abu, ba za ka kwana da yunwa ba.

In kuma wani a cikinku ya daure ya tambaya, don Allah kada ku harare shi, kada ku yi masa dariya. Ku ce masa Allah Ya saka da alheri.

Ku tambaya, 'yan uwana. Don girman Allah ku tambaya. Allah Ya yafe mana abin da ya wuce, Ya tsarkake mana abin da muke ci.