Masaukin da za a taka da ƙafa ya fi otal mai nisa

Jama'a, duk ayarin da ke shirin zuwa kallon tseren motoci, don Allah ku gama maganar masauki kafin ta tikiti. Ni dai ra'ayina a fili yake: in kun kai mutum shida ko takwas, ku nemi wurin da za ku iya takawa zuwa ƙofar fili, ko da tanti ne a kan ciyawa.

Galibin manyan filayen nan ba a cikin gari suke ba. Silverstone na Ingila, inda aka buɗe gasar duniya ta Formula 1 a 1950, tsohon filin jiragen yaƙi ne a tsakiyar ƙauyuka, amma a 2023 mutum kusan 480,000 suka halarta cikin kwanakin gasar. Spa-Francorchamps na Beljiyam kuwa yana cikin dazukan Ardennes, hanyoyinsa ƙanana masu kwana-kwana. Kun kama otal mai kyau, taswirar waya ta ce minti arba'in ne? Wannan lissafin ranar da babu kowa ne. Ranar Lahadi da yamma, ana kaɗa tutar ƙarshe dubban motoci za su nufi hanya guda, fita daga wurin ajiye mota kaɗai sai ya ci sa'o'i.

Abin da ya fi damuna ma ba cunkoson ba ne. Ayari ba ya zama da ra'ayi ɗaya. Wani yana so ya kama bakin shinge tun sassafe don ƙananan gasanni, wani sai hantsi ya dubi ludayi zai tashi, wani ya gaji tun azahar. In mota ɗaya kuka dogara da ita, dole wani ya haƙura da abin da ya biya kuɗinsa ya gani, daga nan ake fara ɓata rai. In masauki na kusa, kowa ya shiga ya fita yadda ya ga dama.

Ku dubi Le Mans a Faransa, tseren awa 24 da ake yi tun 1923, wanda a yanzu tsawon hanyarsa ya kai kilomita 13.6. Daɗinsa yana cikin dare: fitilu suna ratsa duhu, faifan birki ya yi jajir a bakin kwana, sannan gari ya waye motocin sun yi butu-butu da ƙura. Mai tanti a Tertre Rouge ko Maison Blanche, sansanonin da ke dab da hanyar tseren, zai ɗan runtsa ya dawo ya ga wannan. Wanda ya tafi otal mai nisa ya rasa rabin abin da ya kawo shi.

Ban ce zaman tanti hutu ba ne. Akwai layin banɗaki da na wanka, akwai ƙarar janareta, akwai sansanonin da ake kwana ana kiɗa da shaye-shaye. Ga ruwan sama: a 2021 a Spa 'yan zagaye kaɗan aka yi a bayan motar tsaro, wadda ke shiga gaba don rage gudun masu tsere, aka tashi, mutane na tsaye cikin taɓo. Shi ya sa nake cewa a zaɓi sansani da la'akari da mafi rauni a cikinku, dattijo ne, yaro ne, ko wanda bai iya barci cikin hayaniya. Wurare da dama suna ware ɓangaren iyali, a tambaya tun wuri. A kuma tanadi abin toshe kunne.

Inda jirgin ƙasa ke kaiwa kusa, kamar filin Monza da ke dab da Milan a Italiya, hayar gida kusa da tasha ba laifi.

Sai kuɗi. Kada a bar mutum ɗaya ya biya daga aljihunsa da sunan "za mu tura maka". Kowa ya ba da nasa kafin a kama wuri, a rubuta abin da zai faru in wani ya fasa. A kama filayen tanti a lokaci guda don su zo jere, kuma a duba da kyau, domin sau da yawa tikitin sansani daban yake da na shiga kallo.