Kifin mafarki ba ya shiga tukunya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwana matasa, maza da mata.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wata tambaya da wani ƙanena na unguwa ya tare ni da ita muna fitowa daga sallar Asuba. Ya ce mini: "Yaya, na yi mafarki na kama wata ƙatuwar tarwaɗa da hannuna, tana zillo ina ƙara damƙe ta." Kafin in buɗe baki sai ya miƙo mini wayarsa, ashe tun kafin kiran assalatu ya riga ya bincika, har ya samo amsa uku masu karo da juna: wani ya ce dukiya ce ke tafe, wani ya ce aure ne, wani kuma ya ce sammu aka yi masa ta ruwa. Shi kuwa ya zaɓi ta farko domin ita ce ta dace da abin da ransa ke so, kuma ya gama shawarar ɗebo ɗan abin da yake tarawa daga aikin shagon ubangidansa a Kantin Kwari ya zuba a cacar ƙwallo. Nan na gane cewa ba fassara ya zo nema ba, so yake wani babba ya buga masa hatimi a kan abin da ya riga ya ƙudura.

Ban raina mafarki ba, kuma ba na so ku raina shi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mafarki nagari kashi ɗaya ne daga kashi 46 na annabta. Sai dai shi ne kuma ya sanar da mu cewa mafarki iri uku ne: akwai bushara daga Allah, akwai wanda Shaiɗan ke jefowa don ya baƙanta wa mutum rai, akwai kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa sai ya biyo shi cikin barci. A ganina mafi yawan kifin da muke gani cikin dare daga kashi na uku yake fitowa. Wanda ya wuce ta gaban mai suyar kifi a bakin titi bayan Isha'i, ƙamshi ya dake shi alhali aljihunsa babu ko sisi, ya je ya kwanta da yunwa, idan ya ga karfasa a barcinsa ba ya bukatar malami, abincin dare yake bukata.

To, me masu fassara na da suka faɗa game da kifi? Littattafan da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi da bakin masallatan Juma'a, na Larabci da waɗanda aka mayar Hausa, galibinsu daga tushe biyu suke ɗibowa. Na farko shi ne littafin da ake jingina wa Muhammad Ibn Sirin, tabi'in nan na Basra wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, ko da yake masu bincike da dama sun nuna cewa ba shi ya rubuta shi da hannunsa ba, na baya ne suka tattara suka rataya masa. Na biyu shi ne Ta'aɗirul Anam na Shehu Abdulgani Annabulusi, malamin Sham da ya rasu a 1143 bayan Hijira. A cikinsu an ce ɗanyen kifi manya-manya masu yawa dukiya ne da ganima ga wanda ya same su, ƙananan kifi kuwa damuwa ne, domin ƙayarsu ta fi tsokarsu yawa. An ce idan an san adadin kifin, kamar ɗaya ko biyu, to mata ne, idan kuwa ya yi yawan da ba a ƙirga ba, to dukiya ce. An kuma ce wanda ya ga yana su a gurɓataccen ruwa babu alheri a cikin abin da ya kamo.

Ku lura da yadda maganar take cike da sharuɗɗa. Girman kifin, da yawansa, da ɗanye ne ko busasshe, da irin ruwan da aka kamo shi, kowanne yana juya ma'anar zuwa wata fuska dabam. Saboda haka duk wanda ya ce muku kai tsaye "kifi a mafarki kuɗi ne" bai ma karanta littafin da yake fakewa da shi ba. Ƙanen nan nawa, da za a bi ƙa'idar littafin sau da ƙafa, tarwaɗarsa guda ɗaya ce, don haka mace aka nufa ba kuɗi ba, kuma na tabbata da ya san haka da bai yi saurin zuwa wurina ba, tunda ko akwati ɗaya na lefe bai haɗa ba. Bayan wannan, abin da ke cikin littattafan nan ijtihadi ne na mutane, ba aya ba ne, ba kuma hadisi ba ne, yana iya dacewa yana iya kuskurewa.

Masu fassara na ƙwarai sukan nemo ma'anar abin da aka gani daga Alƙur'ani da Sunna da karin maganar mutane, don haka ya dace mu duba yadda kifi ya zo a Littafin Allah. A Suratun Nahli, aya ta 14, Allah ya ambaci cewa ya hore mana teku domin mu ci nama sabo daga cikinsa, a nan kifi ni'ima ne da arziki na halal. A Suratus Saffat kuwa kifi ne ya haɗiye Annabi Yunusa, alaihis salam, ya zame masa kurkuku mai duhu, kuma shi ne dai ya zame masa sanadin tsira daga nutsewa, a cikinsa ne kuma ya yi tasbihin nan da ke aya ta 87 ta Suratul Anbiya. A Suratul Kahfi, Annabi Musa da yaronsa sun yi guzurin kifi, ya kuɓuce musu a mahaɗar tekuna biyu, kuma wannan kuɓucewar ita ce alamar wurin da za su haɗu da bawan Allah da aka ba wa ilimi. Da ɗan littafin bakin masallaci za a tambaya, cewa zai yi kuɓucewar kifi asara ce, alhali da yaron ya ba da labari sai Annabi Musa ya ce ai wannan shi ne abin da suke nema.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne kifin Suratul A'araf, aya ta 163, labarin mutanen wata alƙarya ta bakin teku da aka hana su kamun kifi ranar Asabar. Sai ya kasance a ranar da aka hana ɗin ne kifayen ke tasowa a fili, suna yawo a saman ruwa, sauran ranaku kuwa ba sa zuwa. Allah ya faɗa ƙarara cewa jarrabawa ce. Wasu daga cikin mutanen suka ƙetare iyaka suka kama, ƙarshensu kuma sananne ne ga duk wanda ya yi karatun allo ya zauna tafsiri. Ina so mai shirin kai kuɗinsa caca saboda ya ga kifi a barci ya tsaya a kan wannan aya ya yi tunani, domin ba kowane kifi da ya taso gabanka ne rabonka ba, wani ya taso ne don a gwada ko za ka iya kame hannunka. Ko da mafarkin nasa na gaskiya ne, ko da dukiya yake nufi, mafarki ba ya halatta abin da Suratul Ma'ida ta haɗa da giya ta kira shi ƙazanta daga aikin Shaiɗan. Mun ga irin wannan zumuɗi a garin nan na Kano a 2024, lokacin da samari da magidanta suka duƙufa danna waya dare da rana don neman kuɗin kirifto suna jiran ta fashe, kowa da mafarkin da yake kafa hujja da shi.

Akwai kuma halin mai mafarkin kansa. An ruwaito cewa mutum biyu sun zo wa Ibn Sirin, kowannensu ya ga yana kiran salla. Ya ce wa na farko zai yi aikin Hajji, ya ce wa na biyu za a kama shi da sata. Da aka tambaye shi dalili sai ya nuna cewa ya ga alamar kirki a tare da na farko, ya tuna ayar da aka umarci Annabi Ibrahim ya yi shelar Hajji, na biyu kuwa ya ga akasin haka, ya tuna mai shelar da ya kira ayarin 'yan'uwan Annabi Yusufu ɓarayi. Haka abin yake game da kifi. Masuncin da ke jefa koma a Tiga ko a kogin Wudil, da mai sayar da banda a kasuwar kifi ta titin Galadima, da ɗalibar da ke fuskantar jarrabawa a Jami'ar Bayero, da amaryar da ta tare wata uku da suka wuce, ba zai yiwu a auna musu fassara da mudu ɗaya ba. Wanda bai san sunanka ba, bai san sana'arka ba, bai san ko kana salla ba, ta yaya zai fassara maka mafarki a layi biyu a ƙarƙashin bidiyon TikTok?

Ibn Abdil Barri ya kawo cewa an tambayi Imamu Malik ko kowa ma yana iya fassara mafarki, sai ya amsa da tambaya: shin da annabta ake wasa? Mu da muka tashi a kan Ahalari da Ishmawi da Risala ya kamata wannan amsa ta ishe mu. Amma yau za ka ga yarinya ta rubuta mafarkinta dalla-dalla a Facebook, mutum ɗari su taru a kai, kowane kifin rijiya ya zama Ibn Sirin. Alhali Annabi Yaƙub ya hana ɗansa gaya wa 'yan'uwansa na jini mafarkinsa, kuma hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya kamanta mafarki da abin da ke rataye a ƙafar tsuntsu, wanda idan aka fassara shi sai ya faɗo. Abin da aka koya mana shi ne mai kyau a gaya wa masoyi ko masani kawai, mummuna kuwa a yi tofi ta hagu sau uku, a nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, a juya kwanciya ko a tashi a yi salla, kada a gaya wa kowa.

Ƙannena mata, ku na fi tausaya wa a wannan babi. An daɗe ana cewa macen da ta ga kifi ciki ne da ita, sai amarya ta faɗa wa uwar miji, labari ya zaga dangi, bayan mako biyu al'ada ta zo, ta shiga kunya da baƙin cikin da ba ta da dalilin shiga. Ciki da gwaji ake gane shi, kuma tsinken gwaji yana nan a kowane kemis. Mafi muni shi ne wadda za a ce mata cin kifi a mafarki asiri ne aka ba ta, ko mutanen ruwa ne suka aure ta, daga nan sai zargi ya faɗa kan kishiya ko facala ko maƙwabciya, zumuncin shekaru ya lalace a kan abin da babu shaida ko ɗaya. Daga nan kuma hanya ta miƙe zuwa wurin mai duba, wanda zai nemi kuɗin turare da baƙar akuya. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Idan jiki ne ke ciwo a je asibiti, idan tsoro ne ke hana barci a riƙe Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi lokacin kwanciya, waɗannan babu mai karɓar ko kwabo a kansu.

Shi kuwa ƙanen nawa, ban fassara masa ba, domin ni ba ma'abocin wannan fanni ba ne. Na dai tambaye shi abin da ya wuni a kai, sai ya ce tun da yamma suke majalisa ana lissafin wani abokinsu da aka ce ya ci kuɗi a caca, kuma a gefen majalisar akwai mai gasa tarwaɗa. Muka yi dariya tare. Sannan na buɗe masa Suratu Yusuf muka karanta daga aya ta 43 zuwa ta 49, inda sarkin Masar ya ga shanu bakwai masu ƙiba waɗanda ramammu bakwai ke cinyewa, fadawansa suka ce tarkacen mafarkai ne. Na ce ya lura da kalmar da Annabi Yusufu ya fara da ita, domin bai ce su zauna su jira ba, cewa ya yi za su yi noma shekara bakwai a jere, abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa sai ɗan kaɗan da za su ci. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko na san inda ake koyon kiwon tarwaɗa a robar ruwa, na ce masa ya fara zuwa ya buɗe wa ubangidansa shago tukuna, tunda bakwai ta gota.